Yadda ake gano abin da ya sa agogon saba ke saɓawa, da yadda ake daidaita shi

Kowace saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, tana ƙirga lokaci ne da bugun wani ɗan ƙanƙanin dutsen kwaz, kuma wanda ke cikin agogon da batiri ke riƙe da shi a jikin allon na'ura yana bugawa sau 32,768 a daƙiƙa ɗaya. Babu dutsen da ke bugawa daidai cif, sannan zafi da sanyi suna sauya saurinsa. Wannan ya shafe mu kai tsaye a Kano, inda zafin Afrilu kan wuce digiri 40, ga shi kuma idan aka ɗauke wuta na'urar sanyaya ɗaki takan tsaya har sai janareta ya tashi, alhali sabar na ci gaba da aiki a kan inbata. Agogon da ke kuskuren kashi 50 cikin miliyan yana saɓawa da daƙiƙa huɗu da ɗoriya a kullum, kuma cikin kwana 70 tazarar ta kai minti biyar. Minti biyar ɗin nan ne iyakar da Kerberos, tsarin da ke tantance masu shiga kwamfuta, ke yarda da ita a tsarinsa na asali, saboda haka ranar da aka haye ta ma'aikata za su kasa shiga kwamfutocinsu ko da kalmar sirrinsu daidai ce.

Kafin a taɓa komai, a fara duba girman saɓanin, domin shi ne ke nuna inda cutar take. Idan saɓanin awa ɗaya ne cif, agogon lafiyarsa ƙalau, an yi kuskure ne wajen zaɓen yankin lokaci. Najeriya tana gaban UTC, wato lokacin da duniya ke auna agogo da shi, da awa ɗaya duk shekara, kuma a Linux umarnin timedatectl zai nuna ko an saita yankin a kan Africa/Lagos. Idan kuwa sabar ta koma wata shekara da ta daɗe da wucewa bayan an kashe ta an kunna, to batirin CR2032 da ke kan allonta ne ya mutu, sai a sauya shi. Saɓanin da ke ƙaruwa a hankali, daƙiƙa bayan daƙiƙa, shi ne ke nuna cewa sabar ba ta samun lokaci daga waje.

Hanyar samun lokacin ita ce NTP, tsarin daidaita agogo ta hanyar sadarwar kwamfuta da masanin kwamfuta David Mills ya fitar a 1985. Sabobin Linux da yawa a yau suna amfani da chrony, wata manhaja mai aiki da NTP, kuma umarnin chronyc sources yana jera majiyoyin da sabar ke tambayar lokaci. Alamar tauraro a farkon layi tana nufin an zaɓi wannan majiya ana bin ta. Alamar tambaya tana nufin ba a samun amsar da za a dogara da ita, harafin x kuma yana nufin an ɗauke ta a matsayin mai ba da lokacin ƙarya. A duba ginshiƙin Reach da kyau: 377 yana nufin tambayoyi takwas na ƙarshe duk sun samu amsa, sifili kuma yana nufin ko ɗaya ba ta dawo ba. Idan dukkan majiyoyi suna nuna sifili, kusan kullum katangar tsaro ce ta toshe ƙofa ta 123 ta UDP, ko kuma sabar ta kasa warware sunan majiyar saboda matsalar DNS, tsarin da ke fassara suna zuwa adireshin intanet. A Windows, w32tm /query /status ne ke ba da irin wannan bayani, kuma idan ya nuna cewa majiyar ita ce agogon CMOS na cikin gida, wato agogon batirin nan, sabar ba ta bin kowa.

Yawan majiyoyi yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Majiya biyu kamar shaidu biyu ne da suka saɓa a gaban alƙali, babu yadda za a gane wanda ya yi kuskure sai an samu na uku, shi ya sa aka fi son a sa huɗu, ta yadda ko ɗaya ta faɗi akwai rinjaye. Haka nan kada a gauraya majiyoyin Google, waɗanda ke shimfiɗa ƙarin daƙiƙar da ake yi wa UTC jifa-jifa a kan awa 24, da na pool.ntp.org waɗanda ba sa yin haka. Nisa ma yana da tasiri, domin NTP yana ɗauka cewa tafiyar saƙo da dawowarsa tsawonsu ɗaya, abin da ba ya tabbata a kan layin rediyo ko na tauraron ɗan'adam, musamman da rana lokacin cunkoso. A ganina, ofishin da ke da sabobi da dama ya fi dacewa ya ware biyu ko uku su riƙa ɗauko lokaci daga waje, sauran su bi su, don ko intanet ta yanke su ci gaba da tafiya tare.

Wani abin da ke yawan rikita mutane shi ne masu gyara biyu a kan agogo ɗaya. Idan chrony da systemd-timesyncd, wata manhajar daidaita agogo, suna aiki tare, ko kuma sabar tana zaune ne a cikin VMware, manhajar da ke tafiyar da sabobi da yawa a cikin kwamfuta ɗaya, kuma uwar na'urar tana tura mata nata lokacin, agogon zai riƙa tsalle gaba da baya. A bar guda ɗaya kawai yana aiki, a kuma tabbatar uwar na'urar kanta tana bin NTP.

Wajen gyaran ne ake buƙatar haƙuri. Akwai daidaitawa a hankali, inda ake ɗan rage ko ƙara saurin agogon har ya kamo, akwai kuma tsallake da shi lokaci guda. Tsohon ntpd, manhajar NTP da ta riga chrony, yana jan agogo a hankali da saurin da bai wuce kashi 500 cikin miliyan ba, wato gyaran daƙiƙa ɗaya yana cin fiye da rabin awa, kuma idan saɓanin ya wuce daƙiƙa 1,000 yakan ƙi gyarawa ya tsaya cak. Umarnin chronyc makestep yana gyarawa nan take, amma mayar da agogo baya a kan sabar da ke riƙe da rumbun bayanai yana iya sa ciniki na biyu ya bayyana kafin na farko, ko aikin da aka tsara ya gudana sau biyu. Saboda haka a tsayar da rumbun bayanan tukuna, zai fi kyau da dare bayan an tashi daga aiki, sannan a tsallake da agogon, a rubuta sabon lokacin a kan agogon batiri da hwclock --systohc, kana a tayar da ayyukan. Layin makestep 1.0 3 a fayil ɗin saitin chrony yana ba da izinin tsallakewa a gyare-gyare uku na farko kawai bayan kunnawa, wanda ya dace da sabar da ke yawan mutuwa saboda wuta.

Bayan gyara, a riƙa duba chronyc tracking na wasu kwanaki, da safe da kuma tsakar rana. Idan adadin Frequency, wanda ke nuna kuskuren saurin agogon, yana sauyawa sosai tsakanin lokutan biyu, zafin ɗakin ne ke hawa da sauka, kuma na'urar sanyaya ɗakin ce ke buƙatar a duba ta.