Kurakuran da ake yi wajen ɗauko abokin takara daga Majalisar Dattawa

Mutanen Zariya ba baƙi ba ne a zancen kujerar mataimakin shugaban ƙasa. Ɗan garin nan, Namadi Sambo, ya hau ta a watan Mayun 2010 daga kujerar gwamnan Kaduna, sannan a 2022 Peter Obi ya ɗauki Datti Baba-Ahmed, wanda ya taɓa wakiltar Zariya a Majalisar Wakilai, ya kuma taɓa zama sanatan Kaduna ta Arewa, a matsayin abokin takararsa. Shi ya sa da zarar an kaɗa gangar siyasa, daga teburin mai shayi a Tudun Wada har zuwa ɗaliban shari'a na Kongo, sai a ji ana lissafa sanatocin da suka dace a jera su da wane. Lissafin ba laifi ba ne, sai dai akwai kurakuran da ke yawan shiga cikinsa, kuma ba 'yan majalisar hira kaɗai ke faɗawa cikinsu ba, har da manyan jam'iyyu.

Mafi girman kuskure shi ne a ɗauki abokin takara a matsayin adon fosta, a manta cewa magaji ake zaɓa. Sashe na 146 na tsarin mulkin 1999 ya ce idan shugaban ƙasa ya rasu, ko ya yi murabus, ko aka tsige shi, mataimakinsa ne zai hau kujerar. Mun ga hakan da idonmu. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi jinya Saudiyya a watan Nuwambar 2009, ƙasa ta yi watanni cikin ruɗani har sai da majalisa ta ayyana Goodluck Jonathan muƙaddashi a watan Fabrairun 2010, kuma da Allah ya yi wa shugaban rasuwa ranar 5 ga Mayu, mulki ya koma hannun mutumin da da yawa ba su yi masa kallon shugaba ba lokacin da aka jera sunansa a 2007. Sanata na iya zama gwanin muhawara, ya iya tsare minista da tambayoyi a zaman kwamiti, amma bai taɓa riƙe ma'aikata ko biyan albashin kowa ba. Gyaran shi ne a fara da tambaya guda kafin a zo kan yanki ko addini: idan ta Allah ta kasance, wannan mutum zai iya riƙe ƙasar? A duba abin da ya taɓa gudanarwa kafin majalisa. Kashim Shettima, wanda Bola Tinubu ya ɗauka a watan Yulin 2022 yana sanatan Borno ta Tsakiya, ya riga ya yi shekara takwas yana gwamna a tsakiyar rikicin Boko Haram, kuma wannan tarihin ne ya fi yi masa nauyi a ma'auni, ba shekara ukun da ya yi a zauren majalisa ba. Tsarin mulki ya ɗora wa mataimaki shugabancin Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, inda gwamnoni talatin da shida ke zama, kuma wanda bai san ciwon jiha ba zai sha wuya a wannan teburi.

Na biyu, kuma shi ne ya fi yaudarar masu lissafi, shi ne zaton cewa sanata zai zo da ƙuri'un yankinsa a aljihu. Mazaɓar sanata kashi ɗaya ce cikin uku na jiha. Kaduna ta Arewa, alal misali, ƙananan hukumomi takwas ce cikin ashirin da uku, kuma wanda ya ci Zariya da Soba da Maƙarfi ba lalle ne sunansa ya yi tasiri a Kafanchan ba, balle a Sakkwato ko Yola. Ku tuna ranar 25 ga Fabrairun 2023: mai zaɓe ya miƙa katinsa an tantance shi, aka ba shi takardu uku, ta shugaban ƙasa da ta sanata da ta ɗan Majalisar Wakilai, ya shiga lungu shi kaɗai ya dangwala. Babu abin da ya tilasta masa yin "sak", kuma da yawa wake da shinkafa suka yi. A 2003 Muhammadu Buhari ya ɗauki Chuba Okadigbo, sanata mai ci daga Anambra kuma tsohon shugaban Majalisar Dattawa, a 2007 Atiku Abubakar ya ɗauki Sanata Ben Obi daga jiha ɗaya, amma ƙuri'un kudu maso gabas ba su bi ɗayansu ba. Ko gwamna mai ci bai tsira ba, domin Ifeanyi Okowa, abokin takarar Atiku, bai iya kawo masa jiharsa ta Delta a 2023 ba. Abin da ya kamata jam'iyya ta yi shi ne ta ɗauko sakamakon zaɓen sanatan rumfa-rumfa, ta gane ko farin jininsa ne ya kai shi Abuja ko guguwar wani ce ta ɗauke shi, kamar yadda guguwar Buhari ta ɗauki mutane da yawa a Arewa a 2015. Sai kuma ta auna shi da sharaɗin sashe na 134, wato kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi, ta ga jihohi nawa zai ƙara mata a zahiri.

Akwai kuma masu kwafo misalan Amurka ba tare da duba bambancin tsari ba. Gaskiya ne Joe Biden a 2008, da Kamala Harris a 2020, da JD Vance a 2024 duk daga Majalisar Dattawa aka ɗauko su. To amma a can wa'adin sanata shekara shida ne, ba a zaɓensu duka lokaci ɗaya, mataimakin shugaban ƙasa shi ne shugaban Majalisar Dattawa mai raba gardama idan ƙuri'u suka yi kunnen doki, kuma a yawancin jihohi gwamna ne ke naɗa wanda zai cike gurbin da aka bari. Biden ma ya nemi kujerun biyu a rana ɗaya. A Nijeriya mataimaki ba shi da kujera a majalisa, ana zaɓen sanatoci 109 a rana ɗaya da shugaban ƙasa, kuma dokar zaɓe ta hana mutum tsayawa takara biyu. Saboda haka sanatan da ya amsa kira ya saki reshe ke nan, kuma jam'iyyarsa na iya yin asarar kujerar. Shettima ya riga ya karɓi tikitin komawa majalisa kafin a ɗauke shi, ya janye, Kaka Shehu Lawan ya maye gurbinsa, duk da haka PDP ta kai ƙara kan zargin tsayawa sau biyu, kuma sai ranar 26 ga Mayun 2023, kwana uku kafin rantsuwa, Kotun Ƙoli ta kori ƙarar. Maganin wannan a takarda yake: a rubuta janyewa, a miƙa wa INEC, a karɓi shaidar kwanan wata, a tsayar da magaji mai ƙarfi, kafin a sanar da komai.

Gaggawa ma kuskure ce mai zaman kanta. A 1972 George McGovern, ɗan takarar shugaban ƙasa a Amurka, ya ɗauki Sanata Thomas Eagleton cikin 'yan sa'o'i, daga baya tarihin jinyarsa da bai bayyana ba ya fito, ya janye kafin mako uku ya cika. Rashin lafiya ba abin kunya ba ne. Abin da ya jawo ɓarnar shi ne rashin tambaya. A nan gida, al'adar saka sunan wucin gadi don cika wa'adin INEC, kamar yadda APC ta yi da Ibrahim Masari a 2022, alama ce cewa ba a fara neman da wuri ba. Sanata yana da abin da gwamna ma ba shi da shi, wato tarihin magana a bainar jama'a: matsayinsa kan dokar man fetur, kan aika sakamakon zaɓe ta na'ura, kan ayyukan mazaɓa da ya saka a kasafi. A karanta su duka, a bi takardun makarantarsa ɗaya bayan ɗaya, domin abokan hamayya za su bi.

Daidaita yanki da addini yana da muhimmanci a ƙasa irin tamu, kuma mutumin Kaduna ya fi kowa sanin haka. Amma 1993 da 2023 sun nuna cewa tikitin Musulmi biyu na iya yin nasara, kamar yadda rikicin Obasanjo da Atiku ya nuna cewa tikitin da ya daidaita a taswira na iya tarwatsewa a fadar gwamnati, har mataimaki ya koma jam'iyyar AC yana kan kujera, Kotun Ƙoli kuma ta ce shugaban ba shi da ikon korarsa. Sanata ya saba zama mai gidan kansa, yana da mazaɓa da magoya baya da burin gaba, alhali mafi yawan aikin mataimaki sai abin da shugaba ya ba shi. Don haka su biyun su zauna tun kafin sanarwa, su fayyace ayyukan da za a danƙa masa da batun takara ta gaba. Waɗanda aka tsallake kuwa a je musu gida da wuri, domin PDP ta bar Nyesom Wike, gwamnan Ribas na lokacin, da fushinsa bayan an ɗauki Okowa, gwamnoni biyar suka ja daga, jihar Ribas kuma ta suɓuce mata a zaɓen shugaban ƙasa.