Yadda Ake Tsara Ginin Jami'a Da Zai Raya Unguwar Da Yake Ciki

Duk wanda aka ɗora wa nauyin tsara ginin jami'a, ko mai zanen gini ne ko ɗan kwamitin ayyuka, ya kamata ya fara da zagaya unguwar a ƙafa tun kafin a ja layi ko ɗaya a takarda. Ya lura da inda mutane ke bi da safe, da inda 'yan adaidaita sahu ke tsayawa, da inda ruwa ke kwanciya da damina, da kuma tsofaffin gine-ginen da aka yi watsi da su. Mun saba a kai jami'a bayan gari a kewaye ta da katanga, gari na harkarsa ita ma tana tata, alhali kuwa dubban ɗaliban da ke shiga da fita kullum su ne kasuwar da za ta iya farfaɗo da unguwar da ta durƙushe.

Abin da ya faru a unguwar King's Cross ta Landan ya isa misali. Wuri ne na tsofaffin rumbunan jirgin ƙasa da ya daɗe a yashe, har sai da kwalejin zane-zane ta Central Saint Martins ta tare a 2011 cikin wani katafaren rumbun hatsi da aka gina a 1852. Ba a rushe rumbun ba, gyara shi aka yi aka ƙara sabon gini a bayansa, aka bar filin gabansa a buɗe ga kowa, kuma bayan zuwan ɗaliban ne shaguna da gidajen abinci da ofisoshi suka cika wurin. A Kano ma, Jami'ar Northwest da aka kafa a 2012 ta fara karatu ne a Gidan Ado Bayero da ke Ƙofar Nasarawa, dogon benen da ba don karatu aka gina shi ba. Saboda haka tambayar farko ita ce ko akwai tsohon ginin da za a iya rayawa kafin a nemi sabon fili.

Da an tsayar da wuri, sai a bar wa jama'ar gari hawan ƙasa. Hikimar zaure ce a gidan Bahaushe, inda baƙo ke da wurin zama ba tare da ya kutsa cikin gida ba. A hawan ƙasa ake sa ɗakin taro da ɗakin karatu da wurin cin abinci da shagunan haya na masu fotokwafi da gyaran waya, kowanne da ƙofarsa ta bakin titi, sannan a kai shingen tsaro bakin matakala, ta yadda sai mai katin shaida ne zai hau sama. Da haka ɗakin da aka yi lacca a cikinsa da rana zai iya karɓar ajin yaƙi da jahilci da yamma.

Sai batun ƙashin ginin. Kwasa-kwasai na canzawa cikin 'yan shekaru, shi kuwa gini yakan haura shekara 50, don haka ginshiƙai da shimfiɗar kankaren da ke raba hawa da hawa ne ya kamata su ɗauki nauyi, ba bangon da ke raba ɗakuna ba. Idan aka bar tazarar mita 8 ko 9 tsakanin ginshiƙai, aka ba kowane hawa tsayin kusan mita 4, aka kuma tattara matakala da banɗakuna da bututun ruwa a gefe guda, to ana iya cire bango a haɗe azuzuwa biyu su zama ɗakin gwaje-gwaje ba tare da an taɓa rodi ba.

Inda na fi so a tsaya a yi aiki da natsuwa shi ne shigar masu buƙata ta musamman. Na taɓa ganin ɗalibi a wata jami'a abokansa huɗu sun ɗauke shi da kekensa suna hawa bene da shi, yana sunkuyar da kai saboda idon jama'a, kuma haka ake yi masa duk ranar da yake da lacca. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa da aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara, wa'adin kuma ya wuce. Gangarar keke kada ta fi tashin mita 1 a cikin kowace mita 12, faɗin ƙofa ya kai santimita 90, banɗaki kuma ya samu filin mita ɗaya da rabi da keke zai juya a ciki. Gangarar ta kasance a babbar ƙofar da kowa ke bi, domin wanda aka zagaya da shi ta baya an riga an nuna masa cewa shi ɗan rakiya ne. Tunda wutar lantarki ba ta da tabbas, kada a dogara da lif, wato na'urar hawa bene, kaɗai. Manyan ɗakunan lacca da ofishin rajista su zauna a ƙasa. Makaho na buƙatar daɓe mai ƙuraje da sandarsa za ta ji a bakin matakala, kurma na buƙatar haske a fuskar malami don ya bi motsin leɓɓansa, ɗaliba mai goyo kuma na buƙatar ɗakin shayarwa kusa da wurin alwala.

Game da zafi, dogayen ɓangarorin gini su fuskanci kudu da arewa, a yi baranda mai faɗi da tagogi masu kallon juna da tsakar gida mai itatuwa, domin aji ya zaunu a watan Afrilu ko da babu fanka.

Kafin a karɓi makulli daga hannun ɗan kwangila, a gayyato mai keke da makaho da kurma da wasu daga cikin mazauna unguwar su bi ginin tun daga bakin titi har hawa na ƙarshe, a rubuta duk inda suka tsaya cak, a kuma riƙe ragowar kuɗin aikin har sai an gyara wuraren.