Darasi na Tara: Karanta Hoton Gari Daga Sama

Duk wanda ya taɓa hawa Dala ko Gwauron Dutse ya san yadda gidajen Kano suke komawa ƙanana idan aka hango su daga bisa. Haka tauraron ɗan'adam yake ganin ƙasa, sai dai shi yana can nesa da ɗaruruwan kilomitoci. Hotunan da yake ɗauka suna cikin wayar da ke aljihunka.

Buɗe Google Maps, ka zaɓi hoton tauraro. Idan abin ya gagara, kira yaro ya nuna maka, ba abin kunya ba ne. Saman hoton shi ne arewa, ƙasansa kudu.

Fara da Makka. Gari ne a cikin kwari, duwatsu sun kewaye shi. Duwatsun za su fito da duhu, gidaje kuma sun cunkushe a tsakaninsu, tituna suna lanƙwasa, wasu ma su ɓace don sun shige cikin dutse. Alhazan ajinmu sun san wannan da ƙafarsu. Yanzu dawo Kano. Nan fili ne shimfiɗe, shi ya sa gari ya bazu ta kowace fuska.

Ja hoton zuwa kudu, ka bi hanyar Zariya. Bayan Tamburawa, inda kogin Kano da na Challawa suke haɗuwa, za ka ga kore wajen Kura da Kadawa. Gonakin noman rani ne. Ci gaba har ka ga wani ƙaton ruwa. Wannan shi ne dam ɗin Tiga, wanda aka gina daga 1971 zuwa 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo.

A nan ka tsaya ka duba da kyau. Gefe ɗaya na ruwan a miƙe yake kamar an ja layi. Wannan bangon dam ne, aikin mutum. Sauran gefunan kuwa sun yi rassa kamar yatsun hannu. Kowane yatsa kwari ne ko rafi da ruwa ya cika, abin da ya rage a tsakani kuma tudu ne. Ke nan siffar ruwan ita ke gaya maka inda ƙasa ta yi tudu da inda ta yi gangare. Kududdufin unguwa ba ya da irin wannan bango.

Kada launi ya ruɗe ka. Ruwa mai zurfi yakan fito da duhu, mai laka kuma ja-ja. Kuma hoton ba lallai na yau ba ne, yana iya zama na bara.

Aikin gida: nemo dam ɗin Challawa da ke wajen Ƙaraye, wanda aka kammala a 1992. Zana shi a littafinka, ka sa alama a bangonsa, ka rubuta "arewa" a inda ya dace.