Yadda za ka warware hujjojin da 'yan jihohin kudu na ƙasar Amurka suka kare bauta da su

In malami ya ba ka aiki kan wannan batu ko kuma ka ci karo da wani a Facebook yana maimaita maganganun nan, kar ka fara da zagi, fara da duba shekara. Kafin 1830 yawancin masu bayi a Amurka cewa suke abin ba kyau amma ya zama dole, gado ne suka tarar. Bayan tawayen bayi da wani bawa Nat Turner ya jagoranta a jihar Bajiniya a 1831 da kuma matsin masu neman a soke bauta sai harshe ya canza, har Sanata John C. Calhoun ya tashi a majalisa a 1837 ya ce bauta alheri ce ga kowa, har da bawan. To ka ga shekarar kaɗai ta nuna maka lokacin da suka daina jin kunya.

Daga nan sai ka tambaya mai maganar nan me yake ci a ciki. Sanata James Henry Hammond da ya ce a 1858 auduga ce sarki kuma kowace al'umma dole ta samu na ƙasa masu aikin wahala, shi kansa yana da ɗaruruwan bayi a gonakinsa na Karolina ta Kudu. A ƙidayar 1860 bayi sun kusa miliyan 4, auduga kuma ta fi rabin abin da Amurka ke fitarwa waje, ai ka san ba za su saki wannan da sauƙi ba.

Hujjar addini ita ce za ta fi cin lokacinka, don haka buɗe nassin da kanka kar ka dogara da abin da aka ce an ce. Sun fi kafa hujja da Littafin Farawa na cikin Baibul sura 9, wai Nuhu ya la'anci Ham kuma wai baƙaƙen fata jikokinsa ne. Karanta wurin a hankali, Kan'ana aka la'anta, ɗan Ham, kuma babu inda aka ambaci launin fata ko sau ɗaya. Suna kuma kawo wasiƙar Bulus zuwa ga Filimon saboda ya mayar da bawan da ya gudu wurin ubangidansa, amma ba sa son kai wa layin da ya ce a karɓe shi a matsayin ɗan'uwa. Rigimar ta yi zafi har cocin Baptis ya rabe biyu a 1845. Af, zancen Ham ɗin ma ba a can kaɗai ya yi yawo ba, Ahmad Baba na Tumbuktu ya yi watsi da shi tun wajen 1615.

Ta kimiyya kuwa ba ta da wuya. Samuel Morton ya tara ƙoƙunan kan mutane yana aunawa don ya jera jinsuna sama da ƙasa, wani likita Samuel Cartwright kuma a 1851 ya ce guduwar bawa ciwon ƙwaƙwalwa ce, har suna ya raɗa mata. Ka rubuta wannan yadda yake kawai, mai karatu zai gane.

Wadda ta fi yaudara ita ce ta wani marubuci George Fitzhugh a littattafansa na 1854 da 1857, cewa bawa ya fi leburan masana'antar Ingila jin daɗi tunda ana ciyar da shi har tsufa. Leburorin suna shan wuya da gaske, kar ka musa, amma ka ajiye maganarsa kusa da dokokin ƙasarsu. In bawa na jin daɗi me ya kawo dokar kamo gudajjun bayi ta 1850, me ya sa Bajiniya ta hana tara baƙaƙe a koya musu karatu, me ya sa jaridu suka cika da tallan ladan wanda ya kamo bawa, ana siffanta shi da tabon bulala a baya? Sannan ka nemo labarin da Frederick Douglass, wanda ya gudu daga bauta, ya rubuta na rayuwarsa a 1845 ka sa a gefe, don a ji daga bakin wanda aka yi wa.

In kuma wani ya ce maka yaƙin basasarsu ba kan bauta aka yi ba, nuna masa jawabin Alexander Stephens, mataimakin shugaban 'yan awaren kudu, a Savannah cikin Maris 1861, inda ya faɗa ƙarara cewa sabuwar gwamnatinsu a kan bautar da baƙar fata aka kafa ta.