Yadda ake tsokana in kulob na shan kashi, ba tare da an ci kwalar juna ba

Daren 21 ga Mayun 2025 ina gidan kallon bal a nan Yelwa ta Bauchi, wasan ƙarshe na kofin Europa tsakanin Manchester United da Tottenham a Bilbao. Benci ya cika maƙil har wasu na tsaye a bakin ƙofa, fanka ɗaya ce ke juyawa, kowa sai gumi. Ana dab da tafiya hutun rabin lokaci Brennan Johnson na Tottenham ya tura bal raga, a haka kuma aka tashi, 1-0. Akwai wani yaro a gabana ɗan Man U, ba zai wuce shekara sha bakwai ba, ya ja jesinsa ya rufe fuska ya yi tsit. 'Yan Arsenal da 'yan Chelsea suna ta yi mana muna haɗiyewa don suna da hujja, sai wani ya duƙo kan yaron nan ya ce masa wai shi asara gado ya yi, ya ambaci shagon babansa da ya rufe. Kafin ka ce kwabo benci ya kife, mai gidan ya kashe janareto ya kore mu gaba ɗaya. Har yau mutum biyun nan ba sa ga maciji, kuma layinsu ɗaya.

Abin ya daɗe yana ci na a rai, saboda ni kam ina son tsokanar bal, ita ce rabin daɗin kallo, in babu ita gara mutum ya zauna gida da wayarsa. Amma tana da ƙa'ida kamar yadda wasan taubasai yake da ƙa'ida. Bafulatani da Babarbare za su kwashe awa suna yi wa juna tsiya a tashi ana dariya, don kowa ya san inda ake tsayawa. To bari in faɗi yadda na ga ana yi a zauna lafiya.

Da farko ka duba wa ke gabanka. Sa'anka da kuka saba, wanda shi ma in ya samu dama ba zai raga maka ba, wannan ka yi masa son ranka. Amma dattijon da ya girme ka, sai ka bi ta gefe, ka gaishe shi tukuna, “Baba an tashi lafiya, ya muka ji da haƙurin jiya?” shi ke nan ya gane, kuma yawanci shi da kansa zai buɗe maganar ya fi ka caccakar 'yan wasansa. Baƙon da ba ka san halinsa ba ka ƙyale shi. Yaro ƙarami da idonsa ya cika da hawaye shi ma ka ƙyale shi, wlh babu wata bajinta a nan.

Sai hujja. Tsokanar da ba ta da alƙaluma hayaniya ce kawai. In ka ce “kulob ɗinku shara ne” ba ka ce komai ba, kowa zai iya faɗin haka. Amma ka zauna a nitse kana juya shayinka ka ce, Man U ta gama kakar 2024/25 a matsayi na 15 da maki 42, an doke ta sau 18 a Firimiya, Hojlund da aka sayo don ya ci ƙwallo guda 4 ya ci a lig duk shekarar, sannan a Agustan 2025 Grimsby Town da a lokacin ke rukuni na huɗu a Ingila ta fitar da ita a kofin Carabao da bugun fenariti, 12 da 11. Wannan ba mai musa maka, sai dai a yi murmushi a girgiza kai. Kuma dan Allah kar ka ƙara gishiri, in ka ce sau 25 aka doke su alhali 18 ne, wani zai ciro waya ya duba a gabanka, daga nan kai ne abin dariya har a tashi.

Inda na fi so a tsaya a fahimta shi ne wannan: ka tsokani abin da ƙafar ɗan wasa ta yi a fili, ka bar mutumin. Gola ya saki bal ta bi ta ƙarƙashin hannunsa, ka ce hannun nasa kwando ne, ka ce a ba shi faifai ya tare da shi, duk ya halatta, aikinsa ne kuma ana biyansa. Ɗan gaba ya rage shi da raga ya ɗaga ta sama, ka ce a aika yara su ɗauko ta a Dutsen Tanshi. Amma iyayensa, addininsa, ƙabilarsa, launin fatarsa, halittar da Allah Ya yi masa, babu ruwanka da su, haka ma na abokin zamanka da ke goyon bayansa. Mun ga abin da aka yi wa 'yan wasan Ingila Saka da Rashford da Sancho a intanet bayan sun zubar da fenariti a wasan ƙarshe na Euro a Wembley a Yulin 2021, zagin launin fata ne tsagwaronsa, kuma mu baƙaƙen fata ya fi yi wa ciwo. Maguire kuwa, ɗan bayan Man U, abin ya kai har wani ɗan majalisa a Ghana ya yi misali da shi cikin ba'a a zauren majalisa a 2022, daga baya a 2023 ya fito ya nemi afuwarsa. A shekarar ce ma mahaifiyar Maguire ta fito ta yi magana kan irin cin mutuncin da ake wa ɗanta. Duk wanda ke da uwa ya san abin da wannan ke nufi.

Kuma ka riƙa barin ƙofa a buɗe, don bal ba ta da tabbas. Maguire ɗin nan shi ya sa kai ya ci Lyon a ƙarshen ƙarin lokaci a Afrilun 2025, aka tashi 5-4. Antony da Man U ta sayo daga Ajax sama da fam miliyan 80 aka mayar da shi sitika a kowane gurup, da ya tafi aro Real Betis a Janairun 2025 sai ga shi yana ci yana ba da bal har suka kai wasan ƙarshe na kofin Conference na Turai. McTominay ya bar Man U ya koma Napoli ya ɗauki Serie A ta Italiya, aka kuma zaɓe shi gwarzon lig ɗin. Don haka ka ce “ba ya kan ganiyarsa” ko “wurin bai karɓe shi ba”, kar ka rantse cewa bai iya ba har abada, za a ajiye maka muryarka a sako maka ita ranar da ba ka zata ba.

Wani abu kuma, ba komai ne laifin yaran da ke fili ba. A wasan besbol na Amurka, wannan da ake dukan ƙwallo da sanda, Chicago White Sox ta sha kashi sau 121 cikin wasa 162 a 2024, a ciki har da 21 a jere, aka kori kocinsu a watan Agusta, amma magoya bayansu a filin wasa ihun da suke yi shi ne mai kulob ɗin ya sayar da shi. Sun gane inda gizo ke saƙar. Haka 'yan Man U ke fama da iyalan Glazer, masu kulob ɗin, tun 2005. In ka kai tsokanarka kan masu sayen 'yan wasa da masu canza koci kamar riga, sai ka ga wanda kake tsokana ya dawo gefenku ɗaya, hira ta yi daɗi.

Na gida kuwa sai an ƙara taka-tsantsan. Da Wikki Tourists ta Bauchi ta faɗa rukunin 'yan dagaji a 2023 mutanen Gombe sun yi mana iya yinsu, shekara na zagayowa Gombe United da Doma United suka faɗa tare a 2024, mu ma muka rama, a 2025 kuma Wikki ta dawo Firimiyar Najeriya. Wannan wasa ne na 'yan gida ɗaya, ai sai 1996 aka cire Gombe daga Bauchi. Amma ka tuna ɗan wasan Wikki ba a Landan yake ba. Za ka iya haɗuwa da shi a sahu ɗaya ranar Juma'a ko a kasuwar Wunti, ƙaninsa ma wataƙila yana cikin gurup ɗin da kake zuba. A filin Abubakar Tafawa Balewa ko na Pantami ka yi ihunka, ka ce a canza shi, amma ban da jifa da ledar ruwa, ban da tare motar 'yan wasa, ban da bin alƙalin wasa. Wannan tara yake jawo wa kulob, ko a hana 'yan kallo shiga, ko a mayar da wasannin gida wani gari.

Lokaci ma abin lura ne. Minti goma na farko bayan an hura tashi zuciya tana tafasa, ka yi dariyarka amma kar ka tsaya a kan mutum kana nuna shi da yatsa. Washegari a teburin mai shayi ita ce ranar tsokana, an yi barci an huce. A WhatsApp kuma sitika biyu ko uku sun isa, ba wai ka cika gurup ɗin 'yan makaranta ko na dangi da hoto hamsin ba, kuma kar ka bi mutum ta lambarsa tsakar dare. In ka ga ya daina amsawa, ko ya ce “ya isa haka”, to ya isa.

In kuma kai ne kulob ɗinka ke ƙasa, kar ka kashe waya, kar ka canza hanya don gudun majalisa, ɓuya ke sa a ƙara maka. Ka fito da wuri da jesinka a jiki, ka yi sallama, ka riga su faɗin kuskuren golanku da na 'yan bayanku dalla-dalla, ka amsa wanda yake gaskiya, wanda aka yi ƙari ka gyara da alƙaluma. Washegarin Bilbao haka wani yayanmu ɗan Man U ya yi, ya iso kafin kowa, ya ce wa mai shayi ya haɗa wa 'yan Arsenal biyun da suka fi kowa baki kauri da biredi a kansa, ya zauna a tsakiyarsu yana ba su labarin yadda Van de Ven na Tottenham ya cire bal ɗin Hojlund a kan layi. Suna ci suna tsokanarsa yana amsawa har rana ta ɗaga kowa ya kama hanyar aikinsa.