Yadda za ka zaga gidajen sarakunan Faransa da lambunansu ba tare da ka wahalar da kanka ba

Jama'a, mutanenmu na Garwa da Marwa da Ngaundere da yawa suna zuwa Faris, wani karatu wani kasuwanci wani jinya, amma sai mutum ya tafi ya dawo bai leƙa ko gidan sarauta ɗaya ba sai hoto a gindin hasumiyar Eiffel. To in Allah ya kai ka kuma kana da ranaku a hannu ga yadda za ka yi. Shawarata ta farko, fada ɗaya a rana ɗaya, kuma rabin ranar ka ba wa lambu. Masu son haɗa uku a yini gajiya kawai suke kwasowa.

Fara da Versailles tunda ita ce kusa. Ka sayi tikiti ta intanet tun kafin ranar, za a ba ka awar shiga, ka zaɓi ta safe. Kada ka je Litinin, a rufe take. Jirgin ƙasa na RER C za ka hau daga Faris ka sauka a tashar Versailles Château Rive Gauche, daga nan da ƙafa ne, ka bi ayarin mutane kawai. Kuɗi kuma ka riƙa lissafawa da sefa, yuro ɗaya kusan 656 ne, in ba haka ba sai ka ga aljihu ya huje ba ka sani ba. Yara 'yan ƙasa da 18 kyauta suke shiga fadar.

Sarki Louis na 14 ne ya mai da fadarsa nan a 1682. A ciki kowa zauren madubai yake rububin gani, tsawonsa mita 73, madubi 357 a jere suna kallon tagogin lambu, cunkoso kam sai haƙuri. Amma kai ɗan Kamaru ka ɗan tsaya a wurin, don a cikin wannan zauren aka sa hannu a yarjejeniyar 28 ga Yuni 1919 wadda ta raba Jamus da ƙasashen da ta mallaka, har da tamu, daga nan Faransa da Ingila suka raba Kamaru tsakaninsu. Faransancin da yaranmu ke yi a lekol yau yana da alaƙa da abin da aka yi a ɗakin nan.

Daga nan ka fita lambu, wallahi nan ne ainihin abin kallo. André Le Nôtre ne ya tsara shi, filin gaba ɗaya kusan hekta 800, shuke-shuke an aske su sumul kamar kan yaro ranar sallah, hanyoyi miƙaƙƙu har inda ido ya ƙare, ga babban tafkin da aka haƙa da hannu. Ka dubi famfunan da ke feshin ruwa da kyau. Ruwa bai taɓa isar wurin ba, har injin aka gina a Marly don jawo shi daga kogin Seine, kuma masu kula da famfunan sai sun hango sarki tafe suke buɗewa, in ya wuce su rufe su buɗe na gaba. Mu da muka san darajar ruwa a watan Afrilu wannan labarin ba sai an yi mana bayani ba. Har yau ba kullum suke aiki ba, galibi Asabar da Lahadi ne daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma ranakun ana biyan kuɗin shiga lambun. Ka sa takalmi mai taushi, in ƙafa ta gaza akwai 'yar motar yawo mai taragu da ke kaiwa ƙananan fadojin Trianon da ƙauyen da aka gina wa Marie-Antoinette, matar Sarki Louis na 16.

Abinci ka taho da naka, burodi da dabino da ruwa, don na wurin tsada, kuma sanwic da yawa akwai jambon a ciki, naman alade kenan, ka tambaya kafin ka saya. Sallah kuma babu masallaci a ciki, ka yi alwala tun daga masauki, matafiyi yana da sauƙin kasaru da jam'i.

Fadar Fontainebleau ta fi natsuwa, mutane ba su kai na Versailles ba. Daga tashar jirgin ƙasa ta Gare de Lyon a Faris wajen minti 40 zuwa Fontainebleau-Avon sai ka hau bas. Ita Talata take rufewa. A farfajiyarta Napoleon ya yi bankwana da dakarunsa a 1814.

In kana da hali ka gangara kwarin kogin Loire, gara ka kwana a Blois ko Tours. Fadar Chambord, wadda Sarki François na 1 ya fara ginawa a 1519, tana da matakala biyu a nannaɗe da juna, kai ka hau ta ɗaya abokinka ta ɗaya kuna hango juna amma ba za ku haɗu ba sai a sama. Chenonceau kuwa a kan kogin Cher aka shimfiɗa ta, ruwa na wucewa ta ƙarƙashi, da lambuna biyu, na Diane de Poitiers da na Catherine de Médicis, tashar jirgi kuma tana bakin ƙofa.

Wadda ba na so ka tsallake ita ce Amboise. Turawa kabarin Leonardo da Vinci suke zuwa gani, amma a gidan nan aka tsare Amir Abdulƙadir na Aljeriya da iyalansa da mabiyansa daga 1848 zuwa 1852 bayan ya yaƙi Faransa shekara da shekaru, wasu daga cikinsu a nan suka rasu aka binne su cikin lambun, wurin ana ce masa Jardin d'Orient. Ka tambayi masu gadi za su nuna maka, ka tsaya ka yi musu addu'a. Daga tashar Austerlitz a Faris wajen awa biyu ne a jirgi, sai dai ka duba lokacin jirgin dawowa tun da safe ka rubuta shi, musamman ranar Lahadi da jiragen ke raguwa.