Yadda Ake Buga Hoton Gandun Daji a Jikin Tishat

Tishat mai hoton gandun daji ba ta son tarkacen kala. Biyu ko uku sun isa, domin kowace kala da nata sikirin, wato ragar da aka ɗaure a firam ake tura fenti ta cikinta, kuma duk wadda ka ƙara, ka ƙara wa kanka kuɗi da wahalar saiti. Fastocin gandayen dajin Amurka da aka buga daga 1938 zuwa 1941, waɗanda har yau ake kwaikwayon salonsu a riguna, da sikirin aka yi su: sama kala guda, tsauni kala guda, itatuwa kala guda.

Fara da abin da aka san wurin da shi. In Yankari ce ta jihar Bauchi, ga giwa, ga gwaggon biri, ga ruwan Wikki mai ɗumi da ke ɓulɓulowa daga gindin dutse. In Gashaka-Gumti ce, tsaunin Chappal Waddi mai tsayin mita 2,419 ya ishe ka. Raƙumin dawa kuwa na Kure ne a Nijar. Kada ka ɗauko hoton karkanda daga intanet ka rubuta Yankari a ƙasansa, babu ita a can, kuma wanda ya san dajin ba zai saya ba. Tambarin hukumar gandun ma kada ka buga sai da izininta.

Raba zanen a kwamfuta, kowace kala a fim ɗinta, wato takardar roba da haske ke ratsawa, zanen baƙi ƙirin, da alamar saiti a kusurwoyi. Layin da bai kai rabin milimita ba, kamar bakin hauren giwa ko gashin wutsiya, ka ƙara masa kauri, in ba haka ba zai ɓace wajen wanke sikirin. Inda kala biyu suka haɗu, bari ɗaya ta ɗan hau ɗaya don kada jikin riga ya leƙo a tsakani.

Riga ta zama auduga zalla, mai nauyin giram 160 zuwa 180 a kowane murabba'in mita na yadin. Mai roba, musamman ja, in ta sha zafi rininta yakan taso ya ɓata farin fenti.

Raga mai lamba 110, wato yawan zarenta a inci guda, ita ce ta farin fenti mai kauri, 160 kuma ta ƙananan rubutu. Wanke ta da sabulu ta bushe, sannan ka shafa emolshan, wato sinadarin da ke daskarewa in haske ya taɓa shi, sau ɗaya ciki, sau ɗaya waje, a ɗaki mai duhu, ka kwantar da ita ta bushe sarai. Ɗora fim, danne da gilashi, sa baƙin ƙyalle a ƙasa, ka fitar rana, sannan ka wanke da ruwa don wurin zanen ya buɗe. A nan ne aiki ya fi lalacewa. Ranar Kano a watan Afrilu daban take da ta ranar da hazo ya rufe gari, saboda haka yi gwaji a sikirin guda: wani sashe daƙiƙa 20, wani 40, wani 60, ka ga wanda ya fita tsaf. In emolshan ya yi santsi yana bin ruwa, hasken bai isa ba. In siraran layuka sun ƙi buɗewa, ya yi yawa, ko kuma baƙin fim ɗin bai kai ba. Ƙurar hunturu tana barin ƙananan huji. Ɗaga sikirin ga haske ka toshe su kafin fenti ya tona asirinsu a jikin riga.

Shimfiɗa rigar a allo mai ɗan gam. Zane ya fara kamar santimita 7 ƙasa da wuya, faɗinsa 28 ga rigar babba. Bar tazarar milimita 3 tsakanin raga da riga don ta riƙa ɗagowa da kanta. Karkata robar jan fenti rabin tsaye, ka ja sau ɗaya da ƙarfi iri ɗaya. Maimaitawa barkatai ke sa gefen zane ya dagule. A baƙar riga ko kore mai duhu, fara buga fari a ƙasa, ka ɗan busar da shi da zafi har ya daina kama yatsa, sannan sauran kaloli su hau. In ka tsallake wannan, ruwan Wikki zai fito kamar na kududdufi.

Fentin filastisol, irin wanda ake buga riga da shi, ba ya bushewa da iska, sai ya kai zafin digiri 160 har cikinsa. A injin matsa zafi, rufe zanen da takardar tefulon, wadda ke jure zafi ba ta manne wa fenti, ka ba shi kamar daƙiƙa 40. In ya huce, ja wurin da hannu biyu: ya tsage, bai nuna ba, mayar da shi. Ware riga ɗaya ka wanke ta sau uku kafin ka buga sauran, kuma ka gaya wa mai saye ya juya ta ciki-waje wajen wanki, kada ya ɗora dutsen guga a kan zanen.